Kazar Juma'ar Abah

Juma'a, bayan la'asar

Abah bai zo ba.

Tun da na fara suya a shagon Kaza Mai Hula, yau shekara goma da ɗoriya, ban taɓa ganin Juma'ar da mahaifina ya sauko daga masallaci bai biyo ta nan ba. Ya jingine kekensa a jikin gilashi, ya wuce teburin kusurwa, can nesa da na'urar sanyi, don ya ce tana shigar masa gwiwa. Cinya ɗaya, dakakken dankali, ruwan ɗumi. Sai ya ɓare fatar ya ajiye a gefen faranti, ya gama da tsokar tukuna, sannan ya ci fatar a hankali yana lumshe ido. Likita ya hana shi saboda ciwon suga. Ya ce likitan ba a masallacinmu yake Juma'a ba, ina zai sani?

Yau ma na ware masa cinya mai kyau, ina suya ina leƙen ƙofa, har ƙararrawa ta buga. Dokar kamfani ce, kazar da ta daɗe a akwatin ɗumi, da ƙararrawa ta buga sai kwandon shara, ko da kuwa ba abin da ya same ta. Ni na zubar da ita da hannuna.

Latifah, wadda muke suya tare, take kirana Kak Nah, wato Yaya Nah, ta ce, "Kak Nah, ƙila ruwan sama ne ya tare shi."

Ruwa? Mutumin da ya taɓa zuwa ana ambaliya, ya tattare zanensa, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa, har cinya, yana tambaya ko an kashe wutar kicin. Ba ruwa ba ne. Na san ko mene ne, rubutawar ce ba na so.

Asabar, hantsi

To, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ana ruwan bama-bamai a wata ƙasa can nesa, a kan yara. Kowa yana gani a waya, ni ma ina gani, ni ma na yi kuka har hijabina ya jiƙe. Sai saƙo ya zagaya cewa masu kamfaninmu na asali, can ƙetare, suna da hannu a ciki, don haka kada kowa ya sake cin Mai Hula. Gaskiya ne ko ƙarya, ban sani ba. Wa zai tambaye ni? Ni dai abin da na sani, kajin daga gonakin Machang, nan kusa da mu, ake kawo su, musulmi ne ya yanka, ni Maznah 'yar ladan na soya.

Encik Rahim, wato Malam Rahim, manajanmu, ya tara mu ya ce daga yau kada wanda ya hau babur da rigar aiki. A zo da kayan gida, a canza a ciki. Latifah ta ce, "Encik, warin man fa? Shi ma mu cire mu rataye a ƙusa?" Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Tun safe mutum uku suka shigo, ɗaya ma banɗaki ya zo nema.

Lahadi, bayan magariba

Na dafa shinkafa da miyar kifi, na kai masa kan tabarma kamar kullum. Ya dubi kwanon, ya dubi bango.

"Abah, ga abinci."

"Na ƙoshi."

"Me ka ci?"

Can ya ce, "Nah, shinkafar nan da albashin ina aka saye ta?"

Na ce da albashin da muke ci tun rasuwar Mak, mahaifiyata, da albashin da ya gyara rufin nan, da wanda ya saya maka tabarau. Ban so na ambaci tabarau ba, amma bakina ya riga ni.

Ya ce, "Ni ban ce haram ba ce. Ni ba malami ba ne, ladan ne, shi ma na ajiye. Amma in na kai loma bakina sai in ga yaran nan. Ba ta wucewa, Nah. Ki bar aikin."

"In na bari wa zai ciyar da mu?"

"Allah."

"To ai Allah ne ya ba ni aikin!"

Ya tashi ya shiga ɗaki. Mutanen unguwa suna cewa ban bar komai na Abah ba sai gemu. Taurin kan nan dai tare muka raba shi.

Litinin, asuba

Bai ci ba. Ya yi allurar sugarsa, ya sha ruwan zafi da biskit ɗin da aka raba a masallaci.

Talata, bayan azahar

Yau na yi dariya, bari in rubuta kada in manta.

A bangon shagonmu akwai hoton ɗan majalisarmu ranar buɗe shago, almakashi a hannun dama, cinyar kaza a hagu, maiƙo har haɓa. Ni na soya waccan cinyar. Ya ci uku, ya sa aka ƙunsa wa direbansa. To yau yaronsa ya shigo da tabarau baƙi da takunkumin hanci, kamar wanda ya zo sayen abin kunya, ya ce mai girma yana roƙon a sauke hoton.

Latifah ta ce, "Ai kuwa shi ne ya fi kowa kyau a shagon. Mu bar masa haɓar ko duka za a tafi da shi?"

Encik Rahim ya harare ta, ya hau kujera ya ciro hoton. Wurin ya bar fari fat a bango. Da yaron zai fita ya tsaya a kanta, ya rage murya ya ce ko akwai fikafikai masu zafi, a saka a baƙar leda.

Mun saka masa. Su ne kaɗai cinikin safiyar.

Laraba, la'asar

Ga mai girma a labaran talabijin, a gaban majalisa, yana taka kwalin Mai Hula da takalmi, jama'a na kabbara. Kwalin sabo ne, har maiƙo na gani a jikinsa. Abah yana zaune yana kallo.

Mak Cik Sepiah, wato Inna Sepiah, maƙwabciyarmu ta bayan gida, ta fara kawo masa abinci da rana a jeren kwanukanta masu fure. Wannan yana ci. Sau ɗaya a yini, ga mutumin da ke allura safe da yamma. Ta ce masa za ta riƙa kawowa da dare ma, ya ce a'a, ya ƙoshi, Nah tana kula da shi. A gabana ya faɗa, ko ido bai ƙifta ba. Ba ya so a ji a waje cewa gidan ladan ya rabu biyu.

Na bi ta har bakin rijiya na yi mata godiya. Ta ce, "Ba don ke na yi ba, don shi na yi." Sai kuma ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin rame, 'yar nan."

Juma'a, bayan la'asar

Bai zo ba. Na ware cinyar. Ƙararrawa ta buga.

Asabar, bayan magariba

Waƙar tallarmu ta talabijin, wadda kazar nan mai hular jirgin ruwa take rawa, Abah yakan yi ta a ƙasan maƙoshi in yana gyaran keke, da muryar nan tasa ta kiran salla, har in ce Abah ka ji tsoron Allah. Yanzu yaran unguwa sun canza mata baiti. Ba zan rubuta abin da suka saka ba. Sun bi babur ɗina da ita tun daga gada har ƙofar gida. Cikinsu har da jikan Mak Cik Sepiah, wanda na yi wa bikin cika shekara a shago, na sa rigar kazar da kaina saboda mai sawa bai zo ba, na kusa suma don zafi.

Kafin in taso na yi wanka a shago, na goge hannu da lemun tsami, na canza hijabi. Ina shiga Abah ya ɗaga kai ya buɗe taga. Ya buɗe taga kawai, ana ruwa.

Na gaji. Wallahi na gaji.

Lahadi, hantsi

Abang Zul ya kira daga Kuala Lumpur. Yayana ne, sau biyu yake zuwa a shekara, amma ya fi kowa sanin yadda ake riƙon tsoho.

"Nah, ke ba ki da tausayi ne? Ki bar aikin nan mana, zan riƙa turo muku."

"Kamar yadda ka turo lokacin rufi?"

"Kin fara ko? Ana maganar al'umma kina maganar kwano."

"Abang, kwanon ne a kanmu. Ka zo ka ɗauke shi ya zauna wajenka, ya ci halaliyarka."

Sai ya ce gidansu hawa na sama ne, Abah ba zai iya ba, kuma matarsa tana da jarrabawa. Ya canza hoton wayarsa zuwa tutar waccan ƙasar da ake wa ruwan bama-bamai. Allah ya ba da lada.

Duk da haka da na ajiye wayar na zagaya kasuwa. Na je wajen mai sayar da shinkafar nan nasi kerabu ta bakin tasha, wadda kullum take kukan ba ta da mai soya mata kaza. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kak Nah, ba don ni ba. Duk garin nan na Pasir Puteh an san fuskarki. Za a ce kazar Mai Hula nake sayarwa a ɓoye." Wuri na biyu ma haka. Na uku bai bari na gama sallama ba.

Talata, asuba

Zanensa ya fara zamewa, sai ya ninka shi sau biyu. Da zai tashi daga sujada ya dafa bango.

Bai ci ba.

Laraba, bayan azahar

Na yi dabara. Ban sani ba ko dabara ce ko wauta.

Na tashi tun kafin asuba na dama masa kunun shinkafa da kifi, irin wanda Mak take yi masa in ba shi da lafiya. Na zagaya ta baya na roƙi Mak Cik Sepiah ta juye a kwanukanta, ta kai masa da safe a ce nata ne. Ta ce, "Ni da furfurata ki sa ni ƙarya?" Na ce ba sai ta yi magana ba, ta ajiye kawai. Ta karɓa tana tsaki.

Na tafi aiki zuciyata fari. Har waƙa na yi ina turmusa kaji a gari. Latifah ta ce, "Kak Nah an samu miji ne?" Na ce wanda ya fi miji.

Laraba, bayan magariba

Cokali ɗaya ya yi.

Mak Cik ta ce ya kai baki, ya tsaya, ya ajiye cokalin. Ya ce, "Sepiah, ke ba kya sa citta haka. Wannan hannun Nah ne. Ko a cikin duhu na san shi." Ta fashe da kuka, ta kwashe kwanukanta.

Da na dawo yana zaune a baranda. Na tsaya ina jiran faɗa, da ma ya yi faɗan. Ya ce, "Har Sepiah kika sa a ciki." Shi ke nan.

Alhamis, la'asar

Yau ya mayar da abincin Mak Cik Sepiah ma. Ta rantse masa da Allah nata ne, daga shinkafar har gishirin. Ya ce ya yarda, amma ya ƙoshi.

Da ma sau ɗaya yake ci. Ni na raba shi da sau ɗayan.

Juma'a, bayan la'asar

A shago muna soyawa muna zubarwa. Dole akwatin ɗumi ya kasance cike, ko da mai duba aiki zai faɗo daga hedikwata, haka dokar take. Mu buɗe buhun gari, mu turmusa, mu jera a injin, ƙararrawa ta buga, mu juye a shara. Na tambayi Encik Rahim ko za a kai gidan marayu. Ya ce ya riga ya tambaya, sun ce a'a, na gode.

Ana ƙaurace mana saboda masu yunwa a can, ni ina zubar da kaji a nan, ubana yana gida da biskit. In na yi tunanin abin da yawa sai kaina ya fara juyawa, sai in koma wanke injin da na riga na wanke.

Bai je masallaci ba yau. Tun da na yi wayo ban taɓa gani ba. Duk da haka na ware cinyar, ban san me ya sa ba.

Asabar, asuba

Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ce, "Abah, don darajar Mak ka ci wani abu." Ya ce, "Don darajar Mak ki bar aikin."

Ina jin numfashinsa ta cikin labule.

Zan bari. Gobe zan gaya wa Encik Rahim. Mu ci ganye in ta kama. Ban gaya wa Abah ba tukuna, ina so in shigo da rigar a hannu in ajiye a gabansa, in ce ga ta, ka ci abinci. Ko a nan ma sai da na so in yi nasara da wani abu.

Lahadi, azahar

Ban samu na faɗa ba. Ina shiga na tarar da motar kamfani a ƙofar baya, ana loda buhunan gari da kwalaye. Encik Rahim ya tara mu, idonsa ja, ya ce an rufe reshenmu na ɗan lokaci. Na Jerteh ma, na Machang ma. Latifah ta ce, "Ɗan lokacin nan yana da ƙane ko shi kaɗai ne?" Sai muryarta ta karye.

Rigar kazar ce ta ƙarshe da aka fitar. Ba ta shiga kwali ba, suka ɗora ta a kan buhuna, kanta yana leƙowa ta bayan mota da hularta. Wasu samari a kan babur suka tsaya suna ɗauka a waya suna tafi.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce yau Abah zai ci abinci. Ina rubuta wannan a kan teburin kusurwa, ina jiran ruwa ya tsagaita. Zan biya kasuwa in sayi kifi da citta.

Litinin, hantsi, a asibiti

A kan dardumar salla na same shi, a kife. Na ɗauka sujada ce, har na tsaya ina jira ya ɗago, da rigar aikin a hannuna.

Likita ya ce sugar ce ta faɗi ƙasa warwas, ya yi allura ba abinci a ciki, kuma ba a san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Ya tambaye ni, "Ba ya cin abinci ne a gida? Wa ke kula da shi?" Na ce ni ce.

Talata, la'asar

Bai farka ba. Na gaya masa a kunne an rufe shagon, na bar aikin, babu sauran Mai Hula a garin nan. Na faɗa na sake faɗa. Matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta ce, "Alhamdulillahi, ai gara da aka rufe su." Na ce mata haka ne.

Laraba, bayan azahar

Ya buɗe ido. Ya kira ni Sepiah, ya kira ni Mak, ya kira ni malamar asibiti. An kawo masa kunu ya kawar da kai. Ta hanci ake ba shi abinci yanzu, yana ta ƙoƙarin fizge robar.

Abang Zul ya iso da kwandon 'ya'yan itace mai ƙaton kintinkiri. Ya tsaya a ƙafar gado yana kuka da ƙarfi, ya ce da na ji maganarsa da ba a kai nan ba. Na ɓare lemo na ba matar gadon kusa.

Juma'a, azahar

An kira salla a masallacin asibiti, sai na ga leɓensa yana bi. Da aka jima ya juyo, idonsa tar, kamar ba shi ba, ya ce, "An sauko?"

Na ce an sauko, Abah.

"To ina kazata? Cinya. Kada a cire fatar."

Malamar asibiti ta ji. Ta ja ni gefe ta ce in dai zai karɓa da bakinsa, a ba shi ko mene ne, yanzu ba lokacin hani ba ne. Na gane abin da take nufi, ban tambaya ba.

Na fita da gudu. Na san an rufe, amma sai da na je shagon, na tsaya a gaban ƙofar ƙarfe kamar sakarya. An fesa mata jan fenti. Na kira Encik Rahim, ya ce ko cokali ɗaya na garin bai rage ba, mota ta kwashe duka, reshe mafi kusa da ke buɗe sai an tsallaka jiha, shi ma bai tabbata ba. Na kira Latifah na ce ko ta san abin da ke cikin garin. Ta ce, "Kak Nah, ke da kika koya mini za ki tambaye ni?"

Gaskiyarta. Shekara goma da ɗoriya ina soya kazar nan, ina iya gane ta nuna daga ƙarar mai kawai, amma ban san me ke cikinta ba. A liƙe buhun yake zuwa, ba rubutun komai sai hoton kazar. Mu namu yankewa da juyewa. Ban taɓa tambaya ba, ba wanda ya taɓa tambaya.

Ina gida yanzu, mai yana kan wuta. Na sa fulawa, masoro, tafarnuwa, gishiri, ɗan barkono. Na ɗanɗana na ƙara, na ɗanɗana na ƙara. Na tsinci wani tsohon kwalin Mai Hula a saman kabad, wanda Abah yake ajiye ƙusoshin keke a ciki. Na juye ƙusoshin na goge shi.

Juma'a, bayan la'asar

Da ya ga kwalin ya yi murmushi. Na ɗaga masa kai, na yago tsoka kaɗan na kai bakinsa, ya buɗe. Daga hannuna. Abang Zul yana tsaye, bai ce uffan ba a kan kwalin.

Ya tauna a hankali. Ya daɗe yana taunawa. Sai ya turo ta da harshe, na tara hannu.

"Ba ita ba ce."

Na ce, "Abah, ita ce, ka ƙara kaɗan. Ga fatar."

Ya girgiza kai. Ya dube ni da ladabi, irin kallon da yake yi wa baƙi, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan ba hannun Nah ba ne. Ki je shago ki ce Nah ta soya. Ki ce ubanta ne, ta san wadda nake so."

Na ce to, zan gaya mata.

Ya ce, "Ki ce kada ta yi fushi, na makara ne."

Ya rufe ido. Na zauna da kwalin a cinyata har ya huce.

Asabar, asuba

Abah ya cika. Sun naɗe katifar gadonsa.

Litinin, hantsi

Gidan cike yake. Matan unguwa sun kafa tukwane a bayan gida don sadakar uku, kowa da wuƙarta da faifanta, har da waɗanda suka daina amsa sallamata. Ɗan majalisa ya aiko da buhun shinkafa da sunansa a jiki. Da aka zo rabon aiki Mak Cik Sepiah ta miƙo mini babban cokalin suya ta ce, "Ke za ki yi kajin, ai ke ce gwana." Ba wadda ta ce a'a.

Na soya. Kowa ya ci, har ana neman ƙari. Abang Zul ya ce wallahi kamar ta Mai Hula, sai ya tuna, ya kama tari.

Na ware cinya ɗaya mai kyau, da fatarta, na rufe da faranti na kai ɗakinsa. Na san shirme ne. Tun ɗazu nake zaune kusa da ita, tagar a buɗe yadda ya bar ta. A nan babu ƙararrawar da za ta gaya mini lokacin zubarwa ya yi.